Shekarar da Aka Rataye Makaranta a Jikin Gawo

Shekaranjiya, ruwan shuka bai jima da ɗaukewa ba, ƙasa tana ta wannan ƙamshin nata, sai ga ƙanena Sabi'u a kan mashin daga Kankia, ƙafar wandonsa duk taɓo. Sabi'u ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, mutum ne mai son sabon abu tun yana yaro. Na shimfiɗa masa tabarma, na dama masa fura. Bai kai rabin ƙwarya ba ya fito da abin da ya kawo shi.

"Yaya, shawara na zo da ita. So nike in cire yaran ga daga makaranta. Aji ya cika maƙil, malami ɗaya ba ya iya masu. Akwai karatu na waya yanzu, komi shina ciki. Su zauna gida gaban uwarsu, ni kuma in riƙa duba su da dare."

Na ce masa ya sha furarsa tukuna. Ƙamshin ƙasar nan da zancen nasa ne suka haɗu suka mai da ni wata damina da ba na son tunawa, daminar shekarar da aka rufe makarantu saboda annoba.

Mu a garin Ƙofa muke, gidan gandu. A lokacin surukina, Baba, shi ne mai gida, kuma duk abin da aka noma a babbar gona rumbu ɗaya yake shiga. Maigidana, Malam Hamisu, ɗan koli ne mai bin kasuwanni. Da abin da yake samowa ake ɗaukar 'yan ƙodago idan ciyawa ta yi ƙarfi, shi ya sa ba a taɓa dogara da hannun yara a gonar ba. Sai ɗana na fari. Ba zan faɗi sunansa na yanka ba, ɗan fari ne, kuma sunan Baba ya ci, don haka kowa Abba yake ce masa. Yana aji uku na ƙaramar sakandare a Kusada. Tun da kakarsa Iya ta rasu, bayan doguwar jinya da yawon neman mai yi mata allura, ya ƙulla a ransa shi malamin asibiti zai zama. Farar rigarsa ta makaranta ba ya yarda kowa ya wanke masa, da kansa yake wankewa ya ninke ya danne ƙarƙashin katifar Baba. Ƙannensa har tsokanarsa suke yi, wai Likita.

Ranar da aka sallame su, tsakiyar bazara ce. Yaran gari suka shigo da rana tsaka suna ihu suna wurgi da jakunkuna kamar an ce gobe salla. Abba ya shigo a bayansu, ya tsaya bakin randa ya sha ruwa, ya ce an ce su zauna gida sai yadda hali ya yi. Ya wanke rigar, ta bushe nan da nan don zafi, ya miƙo mini ya ce in ajiye masa a akwatina kada ɓera ya taɓa. Na sa ta can ƙasa, ƙarƙashin zannuwana.

Ban taɓa ganin bazara irin wannan ba. Iska ta tsaya cak. Ruwan randa kansa ɗumi yake yi, bangon ɗaki kuwa in ka jingina da la'asar sai ka zabura. Rijiyar unguwa ta ja ƙasa, sai an ƙara igiya, abin da guga ke fitowa da shi ma ja ne, sai an bar shi ya kwanta. A cikin haka azumi ya kama. Aka hana cin kasuwa, Malam ya zauna gida da buhun kolinsa a jingine, allura da madubi da turare, babu mai tambaya. Baba ne ke hawa rumbu da kansa, kuma ina lura kullum hannunsa na ƙara nitsewa kafin ya ciro dami. Kunun buɗa-baki ya fara tsinkewa, har kana hango gindin kofi. Ƙosai ya zama na Juma'a kaɗai, daga baya Juma'ar ma ta wuce ba shi. Dije, Bafulatanar da ke kawo mana nono, ta daina karɓar komai sai hatsi, mu kuma hatsin muke ɓoyo, sai muka koma gaisawa kawai.

A nan ne aka ce za a riƙa koyar da yara ta rediyo, masu babbar waya kuma malamai za su riƙa tura masu darasi. Gidanmu ƙaramar waya ce mai tocila, ita ma sai an kai ta caji bakin titi. Sabi'un nan ne ya kira ni yana murna.

"Yaya, kin ga duniya ta ci gaba ko? Yaro shina kwance ɗakin uwarshi karatu na iske shi!"

Na ce, "Naku dai shi ka iskewa. Mu nan sai mu jira shi bakin hanya."

Rediyon Baba muka dogara da shi. Da hantsi ake darasin, a maimaita da la'asar. Abba yakan share gindin darbejiyar tsakar gida, ya kafa rediyon a kan turmi da aka kife, ya zauna da littafinsa da bakinsa busasshe. Malamin cikin rediyo zai yi tambaya, ya ɗan yi shiru, Abba ya ba da amsa da ƙarfi, malamin ya ce "Madalla" ko daidai ne ko ba daidai ba. Wata rana ina tankaɗe, na ga ya ɗaga hannu sama, yana son ya yi tambaya. Ya riƙe hannun haka, malamin yana ta zuba bai san da shi ba. Da ya tuna inda yake, sai ya mai da hannun ya sosa ƙeya, ya waiga ko wani ya gani. Na sunkuyar da kai kan rariyata. Abin ya ba ni dariya, kuma ya tsaya mini a rai har yau.

Iyaye kuwa kowa da abin da yake faɗa. Matan da muke haɗuwa wajen surfe, wata ta ce ita hankalinta ya kwanta, ga 'ya'yanta a gabanta, ba ta zullumin hanya. Wata ta ce nata sun cinye ta, gara a buɗe ko ta huta da rabon faɗa. Baba shi ma yana da nasa, kuma a zaure yake faɗinsa da murya yadda za a ji a cikin gida.

"Ashe karatun ga ana iya zuba shi cikin akwati a aiko? To mi ya sa tun farko ake ɗauke muna ɗiya tun safe har azahar? Mu da ubanninmu muka koya, gefe da gefe, ba mu lalace ba."

Ba mugun mutum ba ne Baba, Allah ya jiƙansa. Duk cikin jikokinsa babu wanda yake so kamar takwaransa. Amma abin da na gani da idona shi ne, yaron da ke gida ɗan aike ne. Yana tsakiyar darasi za a ce akuya ta kwance, a ce guga ya faɗa rijiya, a ce ga baƙo a zaure a kai ruwa. Babu mai nufinsa da sharri, kowa ɗan abu kaɗan yake so. A makaranta akwai katanga da ƙararrawa, ba mai shiga aji ya ce a ba shi aron yaro ya ɗaure akuya.

Salla ta zo ta wuce ba ɗinki. Hadari ya riƙa haɗuwa ta gabas, baƙi ƙirin, mu kwashe shanya, sai iska ta taso ta watsa shi. Da aka samu yayyafi guda, mutane suka fita da sauri suka yi shuka, gero ya tsiro kamar allura, rana ta bi shi ta ƙone. Irin da aka sake shukawa daga bakinmu aka cire shi. Ranar da ruwan gaske ya sauka, yara suka fita tsirara suna tsalle, indararo na zuba, ɗakin girkina ya yi yoyo har wuta ta mutu, amma ban damu ba. Muka ce wahala ta ƙare.

Ruwan da ya tayar da gero shi ya tayar da ciyawa, kuma ta fi shi sauri. Babu halin ɗaukar 'yan ƙodago. Malam hannunsa na koli ne, kwana kaɗan ya yi yana noma kanta ta fashe masa a tafi. Baba kuwa in ya sunkuya, miƙewa sai da dabara. Ranar da za a fara noman firi, wato noman farko, Baba ya tsaya tsakar gida ya ce,

"Takwara, ɗauko hauya."

Abba ya ce, "Baba, darasin hantsi hwa?"

"Ɗauko akwatin naka mu tahi da shi. Ba kunne ka ji ba? Hannu ka noma."

A tsakiyar babbar gona akwai wani gawo. Gawo da damina ba ganye gare shi ba, tsaye yake tsirara, ko inuwar kirki babu. A wani guntun reshensa suka rataye rediyon. Ni ba na zuwa gona, ƙanwarsa Hauwa'u mai kai masu abinci ita ke ba ni labari tana dariya. Wai Yaya Abba in ya kama layi daga gindin gawo yana ji, yana noma yana amsawa. Yana yin nisa murya ta ƙanƙance, ta ɓace. Sai ya yi ta sauri ya kai ƙarshe ya juyo, kafin ya iso malamin ya gama wannan lissafin ya shiga wani. Kullum farkon magana yake samu da ƙarshen wata. Baba kuwa murna yake, yana cewa bai taɓa ganin mai saurin noma irin takwaransa ba. Daga baya Abba ya gwada rataya rediyon a wuya, yana dukan ƙirjinsa duk saran hauya, gumi ya shiga gidan batir, Baba ya ce a mai da shi jikin gawo kafin a kashe masa abin jin labarai.

Yunwar tsakiyar damina ta iske mu a haka. Ko'ina kore shar, tukunya ba komai. Tafasa muke yankowa a bayan gari mu dafa mu tsane, a barbaɗa ɗan ƙuli in akwai. Rama, zogale, yaɗiya, babu wanda ba mu kwaɗanta ba. Tuwo sau ɗaya, da magariba. Itace jiƙe, hayaƙi ya cika ido, sauro ya hana yara sakat, zazzaɓi na ɗaukar wannan ya ajiye wancan. Abba zai dawo da azahar, ƙafa duk laka, wuya ya yi baƙi, ya ci kwaɗon a tsaye. Duk da haka, da la'asar sai ya kife turminsa a gindin darbejiya ya kama maimaicin darasin. Wani lokaci gyangyaɗi ya kwashe shi, biro a hannu. Wannan la'asar ɗin ita kaɗai ta rage masa, ni kuma a kanta na ɗora duk fatana.

Ana gama firi, wata Juma'a bayan an sauko, Baba ya kira Malam da Abba bayan gida. Akwai wani yanki na gero a nan, jikin dangarmu, ina iya hango shi in na tsaya inda nake shanya. Na ga Baba yana takawa da sandarsa, daga tushen kuka zuwa bakin hanya, yana nunawa. Na ji ya ce,

"Daga yau wanga yanki gayaunarka ce. Abin da ya hito naka ne, ba mai taɓa maka. Ka nuna kai namiji ne."

Wanda bai san gandu ba zai ce kyauta ce kawai. A wurinmu, ranar da aka yanka wa yaro gayauna, an fitar da shi daga sahun yara ke nan. Safiya ta gandu ce har azahar, yamma kuma ta gayauna, don ba wanda zai noma maka ita. Na ga fuskar Abba a lokacin. Murmushi yake yi har kunne, irin wanda ban gani ba tun da aka rufe makaranta. Ni kuwa na san la'asar ta tafi.

Da Iya na da rai, da ta fita da zanenta a hannu ta wanke Baba tas, don kaka ita ke da bakin yin magana a kan jika. Ni uwar ɗan fari ce. Ko sunansa ba na kira, balle in tsaya gaban surukina in ce ga abin da nake so a yi da shi. Abin da na iya shi ne na tari Malam yana alwala, na yi ta kewaye-kewaye kafin na ce,

"Malam, yaron ga hwa, karatun nashi..."

Ya ɗago yana dariya. "Ikon Allah! Yau ke ce da zancen ɗan hwari? Bari in kira mutane su ji."

"Ba wasa nike ba."

Sai dariyar ta ɗauke. "Kina gani na iya ce ma Baba a'a? Ko kina da abin da za mu ci in ciyawa ta cinye gonar? A bari a buɗe makarantar tukuna, mu gani."

Ban ce ya yi ƙarya ba. Haushin da na ji ma shi ne rashin wanda zan ji haushinsa.

Daga ranar turmi bai sake kifuwa don darasi ba. Rediyo ya koma zaure wurin mai shi. Abba ya bi gayaunar nan kamar ransa, ya yi mata maimai, ya kwaso takin akuya a kai ya zuba, ya soka wake a tsakani. Geronsa ya fi na gandu tsawo. Da ya fara fitar da kai, shi ya karyo mana tumun farko, na gasa, yara suka ci suna ƙona baki. Ranar ce muka fara jin cikinmu ya yi nauyi, kuma daga gonarsa ne. Har maƙwabta sai da suka shigo yi wa Baba barka da samun magaji.

Saboda shukar ta yi latti, geron bai nuna da wuri ba, sai ya haɗu da tsuntsayen nan jan-baki. Garkensu in ya taso sai ka ce hayaƙi, in suka sauka a gona kuwa kafin ka ɗauko dutse sun yi ɓarna. Aka ja igiyoyi da gwangwanaye, gari ya cika da ihun kora tun fitowar rana. A cikin wannan hali aka yi sanarwa a rediyo cewa yara su koma makaranta ranar Litinin.

Ban gaya wa kowa ba, na shiga ɗaki na buɗe akwati don in fito da rigar in sha mata iska. Na ɗaga zannuwa ɗaya bayan ɗaya har na taɓa ƙasan akwati. Babu. Na fito ina shirin tambayar Hauwa'u, sai idona ya kai bayan danga. Ga ta can tsakiyar gayauna, an zura mata kara ta hannu biyu, an kifa mata tsohuwar ƙwarya a sama, an yi mutum-mutumi da ita. Fara fat, iska na kaɗa ta, aljihun nan mai tambarin makaranta yana fuskantar gidanmu.

Ranar na manta da kunya. Na kira shi ta saman danga. Ya zo yana share gumi.

"Wa ya ɗauki rigar can?"

"Ni ne, Inna. Tsuntsu ya hi tsoron hwari."

"Litinin hwa? Mi za ka sa?"

Ya sunkuyar da kai yana murza zangarniyar da ke hannunsa. "Na gwada ta, ba ta shiga kahwaɗata. Kuma Inna, an wuce ni. 'Yan cikin Kusada masu waya sun gama littahin, na ga na wani, ko hwarkon ban gane ba. In na tahi dariya za su yi mani." Ya waiga gonar. "Kuma in na tahi, wa zai tsare wanga? A bari a yi girbi."

Na duba kafaɗun. Gaskiya ne, sun buɗe, ba na yaron da ya ba ni ajiya ba ne.

Ranar Litinin da safe yara suka bi hanyar da ta ratsa gefen gayaunar, fararen riguna a jere, wasu sun ɗage masu. Suna kiransa, "Likita! Likita, taho mu tahi!" Ya juya wa hanya baya, ya kama igiyar gwangwanaye yana ja da ƙarfi yana ihu, alhali ko tsuntsu ɗaya babu a gonar a lokacin. Bai daina ba sai da muryarsu ta ɓace. Na koma ɗakin girki na yi kuka, na bar hayaƙi ya ɗauki laifin.

Aka yi girbin gero, sai wake, sai gyaɗa, sai dawa, sai ɗaurin kara. Malaminsu ya aiko sau ɗaya, aka ce masa Abba yana nan tafe. Rigar ta kai rani a tsaye a gona. Da na aika Hauwa'u ta ciro mini ita, rana da ruwa sun gama da ita, ina sa ta a ruwa ta rabe a hannuna.

Duk wannan na ba Sabi'u labari shekaranjiya, har da abin da bai sani ba. Ya saurara, ba laifi. Da na gama ya ce,

"Allah sarki. Amma Yaya, ai nawa daban. Mu ba gona gare mu ba, kuma ga waya babba, ga caji."

Na ce, "Matarka ba ta da aike? Shagon da ka buɗe ƙohwar gida, wa ka zama in ka tahi ohis?"

Muna cikin haka sai ga Abba ya yi sallama, ya dawo daga shuka. Yanzu gemu gare shi, tun rasuwar Baba shi ke riƙe da gandun, kuma shi ne duk safiya yake ɗora Hauwa'u da autana a mashin ya kai su Kusada, ko ana tsakiyar firi. Hauwa'u ta ce mini bai taɓa kai su bakin ƙofar makarantar ba, daga nesa yake sauke su ya juya. Ya durƙusa ya gaida kawunsa. Sabi'u, da yake neman mai goya masa baya, ya sake zayyana masa shirin nasa daga farko, har yana nuna masa wayar.

Abba ya karɓa ya juya ta gaba da baya da hannunsa mai kanta, ya miƙa masa a hankali.

"Ta yi kyau, Kawu. In ka cire su, ka aiko mani su da damina. Akwai ƙananan hauyoyi nan, daidai hannunsu."

Sabi'u ya yi dariya, ya dube ni ko zan taya shi. Abba ya sha sauran furar, ya leƙa rana ta saman danga ya ga la'asar ta yi, ya saɓa hauyarsa ya fita bayan gida.